Tambayoyinku: Wai me ake yi ne a ɗakunan binciken gwamnati?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo da yawansu kan cibiyoyin bincike na gwamnati ne, irin wuraren nan da za ka wuce ka ga doguwar katanga da get da masu gadi amma ba ka san me ake a ciki ba. Ga waɗanda na zaɓo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne kuma ina biyan haraji, kullum sai na ji an ce an ware ma cibiyar bincike kaza kuɗi a kasafi amma ban taɓa ganin abun da suka fitar ba. Tsakani da Allah me suke yi? Ba gara a bar ma kamfanoni ba tunda su suka iya juya kuɗi?

AMSA: Alhaji ka fi kowa haƙƙin yin wannan tambayar tunda gumin ka ne ake kashewa. Dalilin da ya sa gwamnatoci ke riƙe irin waɗannan wurare shi ne akwai aikin da kamfani ba zai taɓa ba, ko don sai an kwashe shekara ashirin kafin a ga sakamako, ko kuma don in sakamakon ya fito kowa ne zai ci moriyarsa, babu yadda za a yi mutum ɗaya ya killace shi ya dinga sayarwa. Shi kamfani masu hannun jari na jiran lissafi duk ƙarshen shekara, haka aka gina shi, ba na ganin laifinsa.

Ɗauki fenisilin. Alexander Fleming ya gano shi a Landan tun 1928, amma aka fi shekara goma ba wanda ya iya samar da shi da yawan da zai ishi marasa lafiya. A 1941 Howard Florey da Norman Heatley suka taso daga Oxford suka je wani ɗakin bincike na ma'aikatar noma ta Amurka a garin Peoria, jihar Illinois, wanda asalin aikinsa neman amfanin da za a yi da rarar kayan gona ne, ba magani ba. Wani masani a can, Andrew Moyer, ya gwada ciyar da funfunar da ke fitar da maganin da ruwan jiƙon masara, ragowar da masana'antun sitaci ke bari, sai yawan maganin ya ninka kusan sau goma. Aka kuma shiga neman irin funfunar da ta fi ba da magani, ana aiko musu da ƙasa daga sassan duniya, a 1943 sai ga wadda ta fi duka a jikin wani ɗan itace dangin kankana da ya fara ruɓa a kasuwar garin. Daga nan ne kamfanoni suka shigo da manyan tankunansu, zuwa tsakiyar 1944 an tanadi allura sama da miliyan 2. Ka ga kowa ya yi nasa, amma wahalar farko, ta gwaji da faɗuwa da sake gwaji, ma'aikatan gwamnati ne suka sha ta.

Haka annobar shanun nan ta bushiya wadda a ƙarshen ƙarni na 19 ta share garake a Afirka. Walter Plowright ya haɗa rigakafinta mai sauƙin kuɗi a cibiyar binciken dabbobi ta Muguga a Kenya, allura ɗaya ta isa dabba har ƙarshen rayuwarta, kuma a 2011 aka sanar da cewa cutar ta ƙare a duniya, ita ce ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana. Wane kamfani ne zai zuba jari don ya kashe kasuwar maganinsa da kansa? Akwai ma aikin da ba a gani kwata-kwata, kamar na awo. A cibiyar awo ta Ingila da ke Teddington ne Louis Essen da Jack Parry suka haɗa agogon atom na siziyam, agogon da ke auna lokaci daidai ƙwarai ta hanyar amfani da sinadarin siziyam, a 1955, irin wannan agogon ne yau ke riƙe da GPS ɗin wayarka.

Amma fa ba zan ce maka kowace cibiya haka take ba. Akwai inda gini ke tsaye, albashi na fita, na'ura kuwa ta shekara ba ta tashi ba don babu kuɗin gyara ko sinadaran aiki, wannan yana min ciwo ƙwarai don masu ilimi ne ke zaune suna tsufa a banza. Don haka ka nemi rahotonsu na shekara ka karanta, ka ga me suka yi da me suka kasa, in babu rahoton ma to wannan kansa abun tambaya ne.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce, ina matuƙar son aiki a lab amma ƙawayena sun ce sai mai digirin digirgir ake ɗauka. Dan Allah gaskiya ne?

AMSA: A'a 'yata, kar ki bari wannan ya kashe miki gwiwa. Masu digirin digirgir su ke tsara tambayar da za a bincika, amma a kowace cibiya za ki tarar da masu riƙe da aikin na yau da gobe, masu kula da na'urori, injiniyoyin lantarki, masu walda da sassaƙa ƙarfe, masu hura gilas su ƙera kwalaben gwaji da ba a samu a kasuwa, masu kula da dabbobin gwaji, masu kwamfuta, jami'an kare lafiyar ma'aikata, da masu rubuta bayani ga jama'a. In mai gyara awon na'ura ya yi sake, to duk lissafin farfesa ya tashi a banza komai iliminsa. Ki dage da lissafi da kimiyya, ki koyi rubuta abun da kika gani daidai yadda kika gan shi ko da bai yi miki daɗi ba, sannan ki nemi gurbin koyon aiki lokacin hutu, ta wannan ƙofar da yawa suka shiga.

TAMBAYA: Ni malamar sakandare ce, ina so na kai ɗalibaina su ga yadda ake bincike da idonsu, amma ina tsoron a kore mu daga get. Suna barin mutane su shiga kuwa?

AMSA: Malama Allah Ya saka da alheri, wannan niyyar taki ta faranta min rai. Da yawansu suna bari, wasu ma suna da ofis na musamman na hulɗa da jama'a, kuma ni a ganina ba alfarma suke yi ba, bashi suke biya, tunda iyayen yaran nan ne ke ɗaukar nauyinsu.

Bari na ba ki labarin da nake so ƙwarai. A cibiyar Brookhaven da ke Long Island a jihar New York, wadda aka kafa a 1947, ana buɗe ƙofa ga baƙi duk shekara, sai wani masani William Higinbotham ya lura mutane na zagaya hotuna da na'urori a tsaye ba abun da ke motsi, ba abun da za su taɓa. A 1958 shi da wani ma'aikaci Robert Dvorak suka haɗa ƙaramar kwamfuta da wani ɗan gilashin awo mai faɗin inci 5, suka yi wasan tanis a kansa, aka zana layi a kwance a matsayin fili, guntun layi a tsaye a matsayin raga, ɗigon haske kuma shi ne ƙwallo, kowane ɗan wasa na riƙe da ɗan akwati mai maɓalli ɗaya da abun murɗawa. Ɗaruruwan mutane suka yi layi suna jiran su buga, kuma yau ana lissafa wannan a cikin wasannin bidiyo na farko a duniya. Abun da ya fahimta shi ne yaro ba ya manta abun da ya taɓa da hannunsa. A cibiyar bincike ta Fermilab kusa da Chicago kuma tun 1980 suke tara 'yan sakandare safiyar Asabar masana na koyar da su kyauta, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, da ke iyakar Suwizalan da Faransa ta buɗe sabon ginin baƙi a 2023, shiga kyauta ne.

To ga shawara. Ki rubuta wasiƙa da takardar makaranta zuwa ga shugaban cibiyar tun da wuri, ki faɗi adadin yaran da shekarunsu da abun da suke karantawa yanzu a aji. Ki roƙa a haɗa su da ma'aikaci matashi su yi hira, kar a tsaya kan jawabin darakta kawai. Ki sa kowane yaro ya taho da tambaya ɗaya a rubuce. In an ce wani ɓangare ba a shiga kar ki ji haushi, ɗakunan da ake aiki da ƙwayoyin cuta suna da matakan tsaro daga 1 zuwa 4, manyan matakan ko ma'aikacin gidan ba ya shiga sai mai horo. In tafiyar ta gagara gaba ɗaya, ki gayyato ɗaya daga cikinsu ya zo ajinki, da yawa jira suke a kira su.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya ban yarda da su ba. Wa ya san me suke zubarwa a ruwa da iska? In abu ya lalace ai ɓoyewa za su yi.

AMSA: Ɗan'uwa ba zan raina tsoronka ba don yana da tushe. Ita dai Brookhaven ɗin da na yaba yanzu, a can ne Walter Tucker da Margaret Greene suka ƙera na'urar samar da tekneshiyam-99m a ƙarshen shekarun 1950, sinadarin da ake ɗaukar hoton zuciya da ƙashi da shi ga miliyoyin marasa lafiya duk shekara, ƙarfinsa na raguwa da rabi cikin awa 6 shi ya sa asibiti ke tatsarsa daga na'urar kamar nonon saniya duk lokacin da ake bukata. Amma duk da wannan alherin, a farkon 1997 aka bayyana cewa ruwa mai ɗauke da tiritiyam, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya, yana yoyo cikin ƙasa daga tafkin ajiyar makamashin wani injin nukiliyarsu, kuma ya fi shekara goma yana yi ba a gano ba, a yankin da mutane suka dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa don sha. Hukumomi sun ce bai kai ga ruwan shan jama'a ba, amma mutanen yankin sun riga sun fusata, don an daɗe ana ce musu komai lafiya. A wannan shekarar ma'aikatar makamashi ta Amurka ta soke kwangilar ƙungiyar da ta shekara hamsin tana tafiyar da wurin, a 1998 aka kafa majalisar mutanen yankin da ke zama da shugabannin cibiyar suna yi musu tambayoyi ido da ido, a 1999 kuma aka rufe injin ɗin har abada, masana da yawa suka rasa na'urar da suke aiki da ita.

Saboda haka in kana zaune kusa da irin wannan wuri, ka tambayi abu uku, wace hukuma ce daga waje ke duba su, ina suke kai sharar gwaje-gwajensu, sannan ana wallafa sakamakon awon ruwa da iskar kewayensu inda kowa zai gani ko a'a. Ku haɗu da maƙwabta ku rubuta a takarda ku ajiye kwafi, ku nemi a sa muku ranar zama, kuma ku tafi da wanda ya san kimiyya a cikinku don ya duba alƙaluman da za a nuna muku.