Ku Tambayi Anti: Burito Ba Nama, Me Ya Sa Nawa Yake Jiƙewa Ya Ɓarke A Hannu?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato burito wanda ba nama a ciki, shi ne na ce bari in haɗa su wuri ɗaya in amsa. Wasu na taƙaita su saboda tsayi, ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Anti, ina wuni ya aiki. Ni ɗaliba ce kuma likita ya ce in rage nama saboda wani dalili, ina ta ganin ana wannan burito a bidiyo yana ban sha'awa amma wallahi ban ma san meye shi ba takamaimai, kuma ni bana da lokacin girki sam, safe in fita sai yamma. Dan Allah ki min bayani tun daga farko kamar kina koya ma yarinya.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ƙara lafiya. Burito abincin ƙasar Mekziko ne, musamman arewacinta wajen jihohin Chihuahua da Sonora inda ake noman alkama, shi ya sa ake naɗe shi da totiya ta garin alkama ba ta masara ba. Totiya ɗin wani siririn burodi ne mai faɗi da ake gasawa a busasshen kasko. Sunan ma abin dariya ne, da Sifaniyanci burro jaki ne, burito kuma ɗan ƙaramin jaki, kalmar har ta fito a wani ƙamus na Mekziko tun 1895. Nasu na asali siriri ne, abu ɗaya ko biyu kawai ake sawa, sau da yawa wake ne da cukwi shi ke nan. Wannan ƙaton da kike gani a bidiyo an cusa masa shinkafa da komai an naɗe da foyil, a unguwar Mission ta birnin San Faransisko a Amurka ya yi suna a shekarun 1960. Na faɗi wannan ne dan ki san cewa burito na wake zalla ba wai na maneji ba ne, da ma can haka masu shi suke ci.

To ga yadda nake yi. Wake shi ne uban tafiyar, baƙin wake ko mai ɗigo-ɗigon nan da suke ce ma pinto, in babu kowane wake kika samu zai yi. Ki dafa shi ya yi laushi ki tsane. Ki sa mai cokali biyu a kasko, albasa ɗaya ki soya har ta yi laushi ta fara canja kala, tafarnuwa ƙwara uku, garin kumin ƙaramin cokali, barkono daidai bakinki, sai ki juye waken kamar kofi biyu. Ki ɗau bayan ludayi ki farfasa kamar kashi ɗaya cikin uku na waken, sauran ki bar shi ƙwaya-ƙwaya, wannan farfasasshen shi zai riƙe komai kamar danƙo. Ki bar shi a wuta har sai kin ja ludayi a tsakiyar kaskon kin ga hanyar ta tsaya bata rufe ba, to ya yi. Ki matsa lemon tsami bayan kin sauke.

Shinkafa kuma dafaffiya wara-wara, in da hali mai ɓawon nan ja-ja ta fi, ki yayyafa mata lemon tsami da ganyen koriyanda. Sai tattasai da albasa da masara ki soya su a wuta mai ƙarfi su ɗan kama. Kabeji yankakke siri-siri, fiya, cukwi kaɗan. Duk wannan in kin yi shi ranar hutunki kin zuba a robobi daban-daban a firji, to ranar makaranta haɗawa kawai za ki yi, minti 5 ya ishe ki, ni har takalmi nake sawa totiyar na kan wuta.

TAMBAYA: Anti barka da ƙoƙari. Ni matsalata ɗaya ce, sau uku ina yi kuma duk ukun da na ɗauka sai ƙasan ya fashe ruwa na bin hannuna har gwiwar hannu, yara suna min dariya, ƙarshe da cokali muke ci. Totiyar ce bata da kyau ko ni ce ban iya ba? Daga maman yara uku.

AMSA: Maman yara sannu, kin ban dariya dan ni ma na sha wannan wankan, ranar farko da na yi ma baƙi sai da na raba musu faranti da cokali ina ta kame-kame. Ba totiyar ba ce, ko in ce ba ita kaɗai ba ce. Ruwa ne. Duk wanda ya zo min da ƙorafin burito in na bi diddigi ruwa nake tararwa a ƙasa, kuma na mara nama ya fi fama da shi saboda kayan lambu kusan duk jikinsu ruwa ne, tumatir kaɗai sama da kashi 90 cikin 100 ɗinsa ruwa ne.

Dan haka tumatir ki yanka ki cire 'ya'yan da wannan ruwan na ciki, ki barbaɗa gishiri kaɗan ki zuba a matsami ko kwando ya yi minti 10, za ki sha mamakin abin da zai tsiyaye. In za ki sa naman kaza, wanda duk da sunansa ba nama ba ne balle kaza, masu gudun nama ku kwantar da hankalinku, kar ki cika kaskon da shi, in ya yi yawa dahuwa yake yi cikin ruwansa maimakon ya soyu, gara ki yi shi kashi biyu ki bari ruwan ya ƙone tas har ki ji ya fara ƙara cuu a mai. Latas ni na daina sawa gaba ɗaya, da ya ji zafi yake laƙwashewa ya yi yauƙi, kabeji ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Miyar tumatir ɗin nan tasu da ake kira salsa da kuma yogot, ki ajiye su a gefe ana dangwala, ba dole sai sun shiga ciki ba.

Abu na biyu, kina ɗumama totiyar kafin ki naɗe? Na san amsar, a'a. Totiya mai sanyi tsagewa take yi. Daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane gefe a busasshen kasko ya isa, sai kin ga tana lanƙwasuwa kamar ƙyalle. Kuma ki nemi babba, faɗinta kamar santimita 25 ko fi.

Na uku son zuciya, wannan kam duk muna da shi. Kayan ciki kar su wuce kofi ɗaya. Ki fara shimfiɗa shinkafa ko cukwi a ƙasa saboda su tsotse danshi, wake a kai, masu ruwa-ruwa su zauna a tsakiya can sama. Ki jera su a kwance ƙasa da tsakiyar totiyar kaɗan, ki bar fili kamar yatsu uku hagu da dama. Ki ninko gefe biyun ciki tukunna, sannan ki ɗago na wajenki ki rufe kayan, ki ja baya da yatsunki ki matse su sosai kamar mai naɗe tabarma, sai ki mirgina. Daga nan ki kwantar da shi a kasko mai zafi bakin naɗin yana ƙasa, minti ɗaya, zai manne da kansa. In kin yanka ki yanka a karkace da wuƙa mai kaifi, ki ga ko yaran za su ƙara dariya.

TAMBAYA: Hajiya ni namiji ne ina ɗan motsa jiki, abokaina suna cewa abinci ba nama ba zai gina jiki ba yunwa kawai zan sha. Gaskiya ne?

AMSA: Malam abokan nan naka su zo mu zauna. Kofi ɗaya na dafaffen baƙin wake yana da furotin kusan giram 15, da harza wato faiba shi ma kusan giram 15, kuma ita faibar ce ke sa ka daɗe baka ji yunwa ba. Wake yana da sinadarin laisin, wani ɓangare na furotin da hatsi ke da ƙarancinsa, hatsi kuma yana cike abin da wake ya gaza, to ka ga wake da shinkafa cikin totiyar alkama ai an gama magana. Ƙara ƙwai in kana ci, ko cukwi. Lemon tsami da tattasai ba ado ba ne, bitamin C ɗinsu yana taimaka ma jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe na cikin wake. Inda zan ja kunnenka shi ne bitamin B12, ba a samunsa a tsirrai, in ka bar nama da ƙwai da madara duka to sai ka nemi ƙwayarsa ko abincin da aka ƙara masa shi, ka yi magana da likita.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa. Ni aikin dare nake yi, so nake in naɗe guda goma lokaci ɗaya in sa a firiza ina ɗauka ɗaya-ɗaya. Zai yiwu? Kuma zan iya amfani da waken gwangwani da totiyar leda dan sauri?

AMSA: Zai yiwu mana 'yar uwa, ai nan ne ma burito ya fi kowane abincin sauri daɗin sha'ani. Amma na firiza dokarsa daban. Ba fiya, ba ɗanyen tumatir, ba kabeji, ba yogot, duk waɗannan in suka daskare suka narke sai ki rasa gane su. Wake, shinkafa, soyayyen tattasai, masara, gasasshen dankali mai zaƙi da cukwi, su ne masu jure sanyi. Ki bari kayan su huce kafin ki naɗe, in kika naɗe da zafi tururin zai koma ruwa a ciki mu dawo matsalar maman yara. Kowanne ki naɗe shi shi kaɗai da foyil ki sa a leda mai zif ki rubuta kwanan wata, kar ki ce za ki tuna, ba za ki tuna ba. Wata biyu zuwa uku suna nan lafiya.

Shinkafa nake so ki kula da ita sosai. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa bata gamawa da ƙwayayenta, in dafaffiyar shinkafa ta daɗe a waje sai ta yaɗu ta saki guba, kuma ɗumame baya kashe wannan gubar. Saboda haka da kin sauke ki baza ta a faffaɗan tire ta huce da wuri, cikin awa ɗaya ki naɗe ki kai firiza, ba wai ki bar ta a tukunya ki je ki yi barci ba. Wajen ɗumamawa ki cire foyil ɗin kafin ki sa a maikrowef, dan Allah ki cire, ki lulluɓe shi da tishu mai ɗan danshi ki ba shi minti 2 ki juya ki ƙara 1 ko 2, sai tsakiyar ta yi zafi zau tana tururi, masu ma'auni su duba ya kai digiri 74. In kin gama ki ɗan gasa shi a kasko har bayansa ya yi ƙamas-ƙamas. Sau ɗaya ake ɗumamawa.

Waken gwangwani ba laifi, ni ma ina ajiye shi dan ranar gajiya, sai dai gishirinsa da yawa, ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye shi a ƙarƙashin famfo zai rage kaso mai tsoka. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, kuma tsakanin gwangwani da cukwi da totiyar leda sai ki kusa cinye rabonki a zama ɗaya baki sani ba. Sannan ki riƙa karanta bayan leda da gwangwani, domin a girkin gargajiya na Mekziko da kitsen alade ake kwaɓa totiya, haka ma soyayyen waken nan da aka dama, kuma har yanzu wasu kamfanoni suna sawa. In kin ga an rubuta lard ko manteca de cerdo ki ajiye ki ɗau wani.

In kin samu sarari ma ki kwaɓa taki, ba wuya, fulawa kofi 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, mai cokali 3, ruwan ɗumi kusan kashi uku cikin huɗu na kofi. Ki murza minti 5 ki rufe ya huta rabin awa, wannan hutun shi ne sirrin, in baki bari ba duk yadda kika murza da muciya sai ya tsuke ya dawo. Ki raba gida 5 ko 6 ki murza siriri har ki kusa hango katakon ta ciki, ki gasa ba mai, kina saukewa kina rufewa da tawul. Kina iya musanya rabin fulawar da garin alkama mai dusa, amma duka kam zai yi tauri yana karyewa wajen naɗi.

TAMBAYA: Anti kunya nake ji amma dole in tambaya, wake yana kumbura min ciki, ya zan yi?

AMSA: Ba kunya ɗiyata, kowa ma haka yake kawai dai ba a faɗa ne. Wasu nau'in sukari ne a cikin waken da hanjinmu baya iya narkarwa, sai ƙwayoyin cikin babban hanji su yi aikin su saki iska. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da wannan ruwan ki dafa da sabo har ya yi luguf. Ki fara da cokali uku ko huɗu a burito ɗaya ki cike sauran da dankali da tattasai, kina ƙarawa a hankali, bayan 'yan makonni cikin yakan saba. In jan waken nan ne mai siffar ƙoda, ki tabbata ya tafasa sosai yana ɓalɓala aƙalla minti 10 kafin ki rage wuta, ɗanye-ɗanyensa yana sa amai da gudawa. In kuma kin yi duk wannan bai bari ba ko da ciwo a ciki, ki je a duba ki, ki faɗa ma likitan abin da kika faɗa min.