Amsa: Shin alƙaluman ƙidaya kaɗai sun isa a tsara manufa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai nazarin yawan jama'a a fannin labarin ƙasa yana buƙatar ra'in masana zamantakewa, alhali alƙaluman ƙidaya suna hannunsa. Lallai yana buƙata, domin ƙidaya tana gaya maka yawan mutane da inda suke zaune, amma ra'i ne ke fassara abin da yawan nan yake nufi, kuma a kan fassarar ake gina manufa. Misali, masanin tattalin arziƙi ɗan Ingila Thomas Malthus, a 1798, ya ce haihuwa za ta rinjayi abincin da ƙasa ke iya bayarwa, ita kuwa Ester Boserup, masaniyar tattalin arziƙi 'yar Denmark, a 1965 ta nuna cewa cunkoso kan tilasta wa manoma ƙirƙiro dabarun ƙara amfanin gona. Gwamnatin da ta bi na farko za ta karkata ga taƙaita haihuwa, kamar yadda Sin ta yi da dokar ɗa ɗaya daga wajen 1980 zuwa 2015, wadda ta bi ta biyu kuwa hanyoyi da kasuwa za ta fi kula da su.

Sharaɗin da na gani a aikin bincike shi ne kada a ɗora ra'i a kan wuri kafin a san wurin. A Machakos ta Kenya jama'a sun ninka kusan sau biyar tsakanin 1930 da 1990, amma zaizayar ƙasa ta ragu saboda manoma sun yi wa gangaren tsaunuka matakala, kuma kusancin kasuwar Nairobi ya taimaka ƙwarai. Inda babu irin wannan kasuwa, ko manomi bai da tabbacin mallakar gonarsa, ba zan yi tsammanin sakamako iri ɗaya ba.