Mun amince mu rabu, shin dole sai mun je kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce a Kano, shekarata 9 da aure, 'ya'yanmu 3: babbar mace mai shekara 8, sai namiji mai shekara 5, ƙaramin kuma yana goye. Zama ya ƙi daɗi, an shiga tsakaninmu ya fi a ƙirga, yanzu ni da mijina duk mun haƙura da juna. Yayana ya ce in kai shi kotu, in ba haka ba zan tashi a tutar babu. Surukata kuma ta ce ranar da na fita yaran za su koma hannunta. Ni ba na son tonon silili gaban alƙali. Akwai yadda za mu rabu lafiya ba tare da haƙƙina da na yarana ya salwanta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya zaɓa muku abin da ya fi alheri. Akwai hanya, kuma tsohuwa ce. Auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci ba ya buƙatar alƙali kafin ya ƙare. Miji yana iya saki, mace kuma tana iya neman khul'i, wato ta fanshi kanta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi khul'i yana inganta ko babu alƙali matuƙar an yi yarjejeniya. Auren rajista ne kawai hukuncinsa ya bambanta: wanda aka ɗaura bisa dokar aure ta gwamnati, Babbar Kotu ce kaɗai ke da ikon raba shi ƙarƙashin dokar 1970, ko da ma'auratan sun gama daidaitawa a gida.

Sai dai tsoron yayanki yana da tushe. Na zauna a zaman sulhu da dama, na ga yadda wani lokaci ake tara dattawa a zaure, a yi ta ce wa mace "ki yi haƙuri, ki bar wa Allah", ta tashi da akwati ɗaya da goyo a bayanta, a shafa fatiha a ce an sasanta. Wannan zalunci ne aka lulluɓe da sunan sulhu. Don haka kafin ki zauna da kowa, ki san abin da shari'a ta riga ta ba ki, domin wanda bai san nasa ba shi ake ci da kunya.

Fara da tambayar kanki, shi zai sake ki ko ke za ki fanshi kanki? Bambancin yana da girma. Idan shi ya saki, sadakinki naki ne, aya ta 20 a Suratun Nisa'i ta hana shi karɓar komai daga ciki. Saki ɗaya ya isa, a cikin tsarkin da bai kusance ki ba. Kada wani ya zuga shi ya rubuta uku a takarda ɗaya don a nuna an gama, domin a wajen malamanmu ukun sun auku, ƙofar kome ta rufe, alhali kuna da yara 3 kuma zuciya tana juyawa. A iddar saki ɗaya ci da sha da wurin kwananki suna kansa, kuma ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ke daga ɗakinki, duk da mun saba ganin mace ta kwashe kaya a ranar. Idan kuwa khul'i ne, asalinsa ki mayar da sadaki, kamar yadda matar Sabit ɗan Ƙais ta mayar masa da gonarsa a zamanin Annabi (SAW). Khul'i yana yanke igiya ɗaya, ba ya iya mayar da ke sai da sabon ɗaurin aure, kuma ciyarwar idda ta faɗi sai in akwai ciki. Tunda kin ce ku biyun ne kuka haƙura, ban ga dalilin da za a ɗora miki fansa ba. Kuma tunda kina shayarwa, ki tambayi malami lissafin iddarki, domin idan al'ada ba ta dawo miki ba iddar tana iya tsawo fiye da wata 3 da mutane suka saba faɗa.

Maganar surukarki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan kika yi wani aure da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yana komawa ga mahaifiyarki kafin ya kai ga dangin uba. Al'adar karɓe yaro da zarar an yaye shi al'ada ce kawai. Ci da sutura da magani da karatu kuma suna kan uba ko yaran na hannun wa, har da ladan shayarwa da aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ambata. Amma ki riƙe wannan a zuciya, kada ki mai da shi makami. Kakarsu ce, tsoron rasa jikoki ne ke sa ta magana. Sau da yawa idan aka ce mata "Hajiya, duk Juma'a za a kawo miki su, hutun makaranta ma a wajenki za su yi rabinsa", sai ki ga ta sauko.

Yadda za a yi zaman shi ne abin da aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara: mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Mutum biyu, ba taron dangi ba. Ku zaɓi masu sanyin rai da riƙon sirri, waɗanda kowannenku ke jin nauyinsu. Yayanki yana ƙaunarki, amma idan har yanzu ransa a ɓace yake, kawu ko baffa ya fi dacewa da wannan kujera. Idan dangi sun gaza, akwai limamin unguwa da mai unguwa, akwai Hukumar Hisbah da aka kafa a Kano a 2003 wadda sasanta ma'aurata na cikin aikinta na kullum, akwai kuma cibiyar sulhu ta Kano Multi-Door Courthouse. Amfanin wannan cibiya shi ne ana iya sa alƙali ya amince da abin da kuka daidaita a kai, ya zama yana da ƙarfin hukunci ba tare da an yi shari'a ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne rubutu. Yawancin waɗanda na ga sun ƙare a kotu bayan sun rabu lafiya, kalma ɗaya ce ta kai su: "zan riƙa yin abin da ya sawwaƙa". Wata 4 yana aikowa, sai ya yi sabon aure, abin da ya sawwaƙa ya koma babu. Ku rubuta adadin kuɗin abinci a wata da ranar biya, kuma a riƙa turawa ta banki don shaida ta zauna. Ku rubuta wa zai biya kuɗin boko da na islamiyya, kai tsaye ga makarantar. Asibiti, kayan sallah, inda yara za su yi ƙaramar sallah da babba, wa zai zo ɗaukarsu kuma a wane gida. Ku sa cewa za a sake duba adadin duk shekara, kin ga yadda farashin masara da shinkafa ke sauyawa. Kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki naki ne, a jera su ɗaya bayan ɗaya, gado, katifa, kujeru, firji, har keken ɗinki in akwai. Idan da bashi tsakaninku, ko kin sa kuɗin adashinki a ginin gidansa, ranar faɗa ke nan, kada kunya ta hana ki. Takardar saki ta zama daban, da kwanan wata da adadin sakin. Shaidu biyu adilai su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Wannan duka ya ginu ne a kan cewa babu tsoro a tsakaninku. Idan akwai duka, ko barazana, ko ana matsa miki ki yafe ciyar da yara kafin a ba ki takarda, ki dakatar da zaman ki nufi kotun shari'a, alƙali yana da ikon raba aure saboda cutarwa ba tare da kin biya ko sisi ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata a irin wannan hali.

Sai yaran. Babbar taki ta riga ta fahimci fiye da yadda kuke zato. Ku zaunar da ita tare in zai yiwu, ku gaya mata ba laifinta ba ne, ku faɗa mata a ina za ta riƙa kwana da ranar da za ta riƙa ganin babanta. Kada ku mai da ita 'yar aike. Idan kuɗin wata ya makara, kawunki ne zai kira shi.