Amsa ga 'yar uwar da manhol ɗin gidansu ke cika bayan an kwashe

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don duk abin da kika lissafa mun sha shi a gidanmu na Aboabo, a Kumasi, ƙasar Ghana. Kin ce an kwashe muku manhol, wato tankin ƙasa da ƙazantar masai ke taruwa a ciki, kafin azumi, ga shi ko babbar salla ba a yi ba ya sake cika, masai yana ƙugi idan an ja ruwa, ƙasar bayan ban ɗaki kuma ba ta bushewa, shi ne kike tambaya gyara za a yi ko sai an fasa an sake. Don Allah kada ki sake kiran motar kwasa tukuna. Manhol mai lafiya yakan yi shekara 2 zuwa 3 kafin ya nemi kwasa, ko da yake gidajenmu na zango da mutane suka yi yawa ba sa kai haka. Wanda ya cika cikin 'yan watanni, ruwa ne ya rasa hanyar fita, ko kuma ruwan ƙasa ne ke shiga masa. Ko sau nawa mota ta zo, kuɗinku kawai za ta ɗauka.

Namu da ƙugin nan ya fara. Daga baya in an yi wanka ruwa ya tsaya a ƙafa, in an zubar da ruwan wanki a wani gefe sai ka ga masai yana kumfa. Ki lura da wannan sosai: idan wuri ɗaya ne kawai ruwa ba ya tafiya, toshewa ce a bututunsa, mai gyaran famfo zai zura waya ya buɗe cikin awa guda. Idan duk gidan ne ya yi nauyi lokaci ɗaya, to matsalar tana babban bututu, ko manhol, ko sokawe, wato ramin da ruwan manhol ke wucewa ciki ƙasa ta shanye.

Mu kuwa aka haɗa mu da wani magini, wai ɗan unguwa ne, ana salla sahu ɗaya da shi. Bai buɗe cemba, wato ɗan ramin nan mai murfi da ake duba bututu ta ciki, ko ɗaya ba. Ya tsaya tsakar gida ya riƙe ƙugu ya ce bututu ne ya mutu, a kawo kuɗi. 'Yan uwa suka yi karo-karo, har ƙanenmu da ke fama a kasuwar Kejetiya ya ba da abin da ba shi da shi. Mutumin nan ya haƙa inda ido ke gani, ya sa sabon bututu ɗan guntu, sauran tsohon ya bar shi a ƙasa ya mai da ƙasa ya shafe da siminti. Guntun ma a kwance ya shimfiɗa shi, babu gangare. Abin da ya fi ƙona mini rai, ashe ya huda gefen manhol ya sa wani ƙaramin bututu ya bi da shi ta ƙarƙashin katanga zuwa gota, don kada mu ga ya cika mu gane aikin banza ya yi. Ƙazantar gidanmu tana fita titi, yara na wasa a bakin gotar, mai koko na zaune kusa, mu ba mu sani ba. Sai da tankas, wato ma'aikatan duba-gari, suka zo da takardar sammaci, maƙwabta suna tsaye suna kallo. Babanmu da ya shekara sama da arba'in a unguwar ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ranar ko masallaci kasa fita ya yi. Na je har gidan maginin, ya ce shi ya yi aikinsa, ƙasar wurin ce ba ta da kyau. Ko haƙuri bai bayar ba. Har yau in na hango shi sai na sauya hanya. Na bar shi da Allah.

Da aka toshe bututun gotar, sai damina ta sauka. Wani dare a watan Yuni aka kwana ana ruwa, ga shi washegari sunan jaririn ƙanwata, baƙi sun zo daga Tamale da Ejura suna kwance a falo. Wajen asuba Mma, mahaifiyarmu, ta tashi alwala, ta sa ƙafa a ƙasa ta ji sanyi. Baƙin ruwa ne ya taso ta ramin ban ɗaki, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakinta. Dardumar sallarta, buhun shinkafar suna, akwatin zannuwan da take ajiya tun aurenta, duk ya taɓa. Tsohuwar nan ta zauna bakin gado ta ɗaga ƙafafu tana hawaye, ba abin da take faɗi sai ina za ta yi salla. Muka yi ta kwasa da bokiti da tsumma har gari ya waye, warin kuwa ya kama labule da katifa. Sunan a gidan maƙwabta aka yi shi. Bayan kwana kaɗan yaran gidan biyu suka kama gudawa da amai, muka kwana asibiti ana ƙara musu ruwa. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ban manta kwalarar 2014 ba, wadda ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan ta kashe sama da 200. Allah ya sa tasu ba ita ba ce.

Kuna da rijiya a gidan? Ba ki faɗa ba, amma ita ce ta fi damuna. Masana lafiya suna son a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe, mu kuwa kin san filayenmu, wani gidan gaba ɗayansa bai kai haka ba. In akwai, ku daina sha daga yau, ko da ruwan ya yi garau. A tafasa, ko a sayi na leda har a gano bakin zaren.

Wanda ya cece mu wani dattijo ne mai gyaran famfo, kuma abin da ya yi kowa zai iya sa a yi masa a gabansa. Ya buɗe cembobi ɗaya bayan ɗaya. Ya jiƙa bular wanki a bokiti ya juye a masai, muka tsaya muna kallo. Shuɗin ya iso cemba ta farko, bai iso ta biyu ba sai kaɗan, can sai ga shi yana tsattsafowa a gindin katanga. Nan muka san inda bututun ya karye. Da aka tona, tsohon bututun asbesto ne ya ruɓe, saiwar darbejiyar ƙofar gida ta shige ciki ta cunkushe kamar gashin da aka tsefe. Ya ce da wuri ɗaya ne ya fashe da sai a yanke a haɗa, amma wanda ya tsage nan da can, ko ya lotsa a tsakiya ruwa na kwanciya, gyaransa asara ce. Aka cire duka aka sa na roba mai inci 4, kuma ina tsaye ya gwada gangaren da ruwa kafin a rufe. Kada ki yarda a mai da ƙasa ba ki ga ruwa ya bi ya fita da idonki ba.

Manhol ɗin ma ya nuna mana yadda ake karanta shi. Idan ruwa ya haura bakin bututun fita, sokawe ya daina sha. Idan ya yi ƙasa da shi sosai alhali an daɗe ba a kwashe ba, yoyo yake, ƙasarku ce ke shanyewa. Ranar da za a kwashe kuma ki tsaya a wurin ki leƙa daga sama da tocila. In ruwa yana dawowa ta bututun sokawe, sabon sokawe kuke bukata. In ta bango yake tsiyaya, bangon ya tsage, ƙaramar tsaga ana iya yaɓe ta, amma bulon da yake marmashewa sai sabo. Ki duba murfin, in rodi ya fito ya yi tsatsa a sauya shi da gaggawa, ki hana yara hawa. Kuma don girman Allah kada kowa ya shiga ciki, ko an kwashe. Iskar da ke ciki tana kashe mutum cikin mintoci, mai shiga ceto ma ta haɗa da shi.

Za a zo a ce miki a zuba gishiri, ko asid, ko kananzir wai ya cinye. Ba ya buɗe sokawen da ya mutu, ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar yake kashewa. Ki tara matan gidan ku yi magana ta gaskiya a kan famfas da audugar mata da leda. Abin da aka ciro daga bututunmu ba zan iya rubutawa a nan ba. In kuma haya kuke, ki ɗauki hoton komai ki kai wa mai gidan, don karyewar bututu da manhol nauyinsa ne, kada ya karɓi kuɗin shekara biyu ya bar ku da wari. In ya ƙi, ofishin kula da haya yana nan.

Ban san ɓangaren da kuke ba. In kuna gangare wajen rafin Aboabo ko Sawaba, inda ake haƙa kaɗan a tarar da ruwa, sabon sokawe mai zurfi ma damina ɗaya zai yi ya cika. Mu daga ƙarshe bayodaijesta muka sa, wato wani akwati da ke narkar da ƙazantar masai a madadin manhol, aka ɗaga shi sama da ƙasa, aka raba masa hanya da ruwan wanka da na wanki. Lokacin akwai rangwame ƙarƙashin shirin tsafta na Kumasi da Bankin Duniya ya tallafa, ki leƙa ofishin asambuli, wato ƙaramar hukuma, na Asokore Mampong ki tambaya ko har yanzu ana yi. Shi ma ba a zuba masa bilic da yawa, kuma yana son wanda ya iya haɗawa.

Ki turo hoton wurin da ke jiƙe da cikin cembar, ki faɗa mana ko akwai bishiya kusa, kuma shekarar gidan nawa. In bangon ɗaki ya fara tsagewa ko daɓen wurin ya lotsa, kada ki jira damina ta wuce, ku kwashe yara daga ɗakin a tona a wannan satin. Allah ya kawo muku mai tsoron Allah a aikin, ya ba ku abin da za ku yi da shi.