Shin Shaiɗanin Tasmaniya Ɗan'uwan Kura Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun nuna mini bidiyon wata baƙar dabba mai mugun ihu, wai sunanta shaiɗanin Tasmaniya. Gardama ta kaure a aji kan ko jinsin kura ce. A taimaka mana da bayani.
Daga wani malamin firamare, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka faɗa wa yaran babu abin da ya haɗa ta da kura sai sana'a: yawon dare, cin mushe da tauna ƙashi har da gashi. Danginta su ne irin su kangaru, masu goyon 'ya'ya a jakar fata da ke jikin cikinsu, kuma a cikin masu cin nama na wannan zuri'a ita ce mafi girma a yau. Tsibirin Tasmaniya, kudu da Ostareliya, shi ne gidanta. Namiji kan yi kilo 8, ƙato ya kai 12. Turawan da suka fara zama can ne suka laƙaba mata sunan don kururuwar da suke ji cikin dare.

Ni dai haihuwarta ce ta fi ba ni mamaki. Kwana 21 kacal take da ciki, sai ta haifi 'ya'ya 20 zuwa 30, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, tsirara, ido bai buɗe ba. Haka za su yi ta jan ciki zuwa jakar, alhali nonon da ke ciki huɗu ne rak. Wanda Allah ya ba sa'a ya kama, ya rayu, sauran kuwa shi ke nan. Masu rabon sukan yi kusan wata huɗu kafin su leƙo waje.

Halin da take ciki yanzu abin tausayi ne ƙwarai. A 1996 aka fara ganin wani ciwon daji na fuska da suke ɗauka ta hanyar cizon juna, wajen rububin mushe ko lokacin barbara. Ƙari ya cika baki, ci ya gagara, yunwa ta ƙarasa dabbar cikin 'yan watanni. A wasu yankunan fiye da kashi 80 cikin 100 sun mutu, har aka sa ta cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a 2008.

Ana dai ƙoƙari. A 2020 an saki guda 26 a wani killataccen daji a jihar New South Wales, bayan kusan shekara 3,000 da ɓacewarsu daga babban yankin Ostareliya, kuma a 2021 suka haihu a can.