Holden bai je jana'izar ƙanensa ba

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Ku yi haƙuri, abin da ke bakina ya fi ƙarfin taɓa waya da yatsa, shi ya sa na danna murya, kuma za ta ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai dare.

Na saurari abin da ƙanena ya turo jiya a kan littafin wannan watan, The Catcher in the Rye. Ya ce shi dai bai ga abin tausayi a ciki ba. Yaro ɗan masu hali, ubansa lauya, an kai shi makarantar kwana mai tsada ya ƙi karatu, an koro shi, ya shiga New York yana watsa kuɗi a otal da tasi yana zagin kowa. Wai ƙoshi ne ke damunsa, da zai yi tallan ruwan leda a Sabon Gari kwana biyu da ya warke. Wallahi na yi dariya har maiɗakina ta leƙo. Sannan Hajiya ta tambaya ko za ta iya ba ɗanta mai shekara 15 ya karanta. To bari in haɗa ku in amsa.

Ƙanena, ba kai ka fara faɗin haka ba. Tun da J.D. Salinger ya fitar da littafin nan a 1951 masu karatu suka rabu. Akwai waɗanda suka same shi suna 'yan shekara 16 ko 17, su ce kamar an shiga cikinsu an kwaso abin da suka kasa faɗa. Akwai kuma masu cewa da za su haɗu da yaron littafin, Holden Caulfield, a hanya sai sun ɗauke shi da mari. An sayar da kwafi sama da miliyan 65, har yau ba a sasanta ba.

Kuma kana da gaskiya a wurare da yawa, ba zan ƙwace maka ba. A makarantar Pencey darasi biyar yake ɗauka, huɗu ya faɗi, Turanci kawai ya ci, kuma ba ita ce makarantar farko da ya bari ba. Kowa a wurinsa "phony" ne, wato na bogi, ɗan ƙarya. Amma shi fa? Ka tuna a jirgin ƙasa da ya haɗu da mahaifiyar wani ɗan makarantarsu, ya ba ta sunan mai sharar ɗakin kwanansu a matsayin sunansa, ya yi ta yabon ɗanta alhali ba ya ƙaunarsa, daga ƙarshe ya ce mata wai za a yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa. Mai kiran mutane maƙaryata kenan. Ni ma da na fara karanta shi, ina shekarar farko a jami'a, ban kai ƙarshe ba na mayar wa mai shi. Na ce wannan sangartacce ne, ni ina neman kuɗin handawut shi yana sayen jar hular farauta ta dala ɗaya yana juya ta baya.

Sai bayan shekaru, ina koyarwa, na sake ɗauka. A babi na 5 na tsaya.

Wurin da abokin ɗakinsa Stradlater ya roƙe shi ya rubuta masa insha'i, ya ce ya siffanta ɗaki ko gida. Shi kuma sai ya siffanta safar hannun ƙwallon besbal ta ƙanensa Allie, wadda yaron ya cika da waƙoƙi da koren tawada, don ya riƙa karantawa in yana tsaye a fili babu abin yi. Allie ya rasu da sankarar jini ranar 18 ga Yuli, 1946, yana da shekara 11, Holden yana 13. A daren ya kwana a gareji, ya farfasa gilasan tagogin da hannunsa, har hannun ya lalace, ba ya iya dunƙule shi sosai har lokacin da yake ba da labarin. Ya faɗi wannan a 'yan layuka, ya wuce kamar ba komai. Can gaba a babi na 20 ya sake jefo wata maganar a gefe: bai je jana'izar ba, yana asibiti saboda hannun. Shekara uku kenan yana yawo da safar mamaci a akwatinsa daga makaranta zuwa makaranta, kuma da ya buɗe ya rubuta a kanta, Stradlater ya yi masa masifa wai ba abin da ya ce a rubuta kenan ba. Holden ya karɓe takardar ya yayyaga.

Bari in gaya muku abin da ya sa wurin ya kama ni. Ina shekara 14 ƙanena da muke kwana katifa ɗaya ya rasu, zazzaɓi na kwana huɗu. Mu kam muna da zaman makoki, muna da sadakar uku da bakwai da arba'in, ba kamar gidan su Holden ba da uwar ta shige ɗaki da ciwon kai da sigari. Amma kun san aikina a kwanakin nan? Aron tabarmi daga maƙwabta, cika butoci, kai kwanukan abinci zaure. Dattawa na shigowa layi-layi suna ce wa Baba "ya haƙuri", mata na cikin gida wurin Inna. Ni ko mutum ɗaya bai tsayar da ni ya ce min ya haƙuri ba. Ba mugunta ba ce, yaro ne, ana ganin zai manta. Zangon karatun da ya biyo baya na dawo na kusa da ƙarshe a aji, aka ce na fara bin abokan banza, aka yi min bulala.

To da wannan idon ka sake bin littafin, ƙanena. Tambayar da yake yi wa direbobin tasi, ina agwagin tafkin Central Park suke tafiya in ruwan ya daskare da sanyi, ko akwai mai zuwa ya kwashe su, har wani direban ya fusata. Ka ce shirme ne, ni ma da na ce haka. Gidan tarihin da yake so saboda duk abin da ke cikin gilashi yana nan yadda ka bar shi. Sai daren da ya saɗaɗa gidansu wurin ƙanwarsa Phoebe, 'yar shekara 10, wadda ta fi duk manyan littafin hankali. Ta tsare shi ta ce ya faɗi abu ɗaya tak da yake so a duniya. Ya yi ta kame-kame, da ƙyar ya ce Allie. Ta ce masa ai Allie ya mutu. A nan ne ya faɗi aikin da yake sha'awa, inda sunan littafin ya fito: yara na wasa a gonar "rye", wani hatsi ne dangin alkama, gonar tana bakin wani rami mai zurfi, shi kuma yana tsaye yana cafke duk wanda ya nufi faɗawa. Ko baitin waƙar Robert Burns da ya ɗauko hoton daga ciki ba daidai ya ji shi ba, Phoebe ce ta gyara masa. Da ta ba shi kuɗin Kirsimetinta, dala 8 da 'yan canji, sai ya fashe da kuka ya kasa tsayawa.

Shi marubucin ma, a taƙaice, soja ne a Yaƙin Duniya na Biyu da ya sauka gaɓar Normandy a Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, ya ga abin da ya gani, bayan yaƙin ya kwanta asibiti a Jamus. Daga 1953 ya koma ƙauyen Cornish a jihar New Hampshire, bayan 1965 bai sake buga komai ba, ya hana a yi fim ɗin littafin, har ya rasu a 2010 yana da shekara 91.

Wani ya jefo maganar cewa mutumin da ya harbe mawaƙi John Lennon a 1980 yana riƙe da littafin. Haka ne. Amma miliyoyi sun karanta ba su taɓa ko kaza ba, kuma Holden ɗin kansa duk faɗan da ya shiga shi aka daka.

Yauwa Hajiya, ranki ya daɗe, taki tambayar. Ba zan ɓoye miki ba, akwai ashar a kusan kowane shafi, akwai shan giya da sigari. Akwai inda ya yarda aka turo masa karuwa ɗakin otal, duk da dai da ta zo ya ce hira kawai yake so, aka ƙare da kawalin ya naushe shi a ciki kan dala 5. Akwai kuma tsohon malaminsa da ya ba shi masauki, ya farka cikin dare ya ji mutumin yana shafa masa kai, ya fice a firgice, kuma littafin bai yanke hukunci a kan me malamin yake nufi ba. Su kansu Amurkawan sun sha cire shi daga makarantu, a 1960 har an kori mai koyarwa a Tulsa kan sa ɗalibai su karanta, daga baya aka mayar. Shawarata, ki fara karanta shi da kanki, babi 26 ne gajeru, kwana uku ya ishe ki. Ke kika san ɗanki. In kin ga zai ɗauka, kar ki miƙa masa ki juya baya, ki riƙa tambayarsa ina ya kai. In kin ga da saura, ki ajiye sai ya gama sakandare, littafin ba ya ruɓewa.

Admin, don Allah ranar Asabar mu fara da babi na 5 da na 22 kafin a shiga sauran. Ƙanena, kai za ka karanta mana na 5 da bakinka, in ka gama sai mu koma maganar ruwan ledar.