Zauren Gwaggo: Yayana ya ce PS kayan wasan yara ne, ni kuma sana'a nake gani

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina karanta shafin nan a waya, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba, sai ga shi abu ya tsaya min a rai, yau kwana goma sha biyu ban yi barcin kirki ba.

Ni saurayi ne, shekarata 24, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Ina da ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwarmu, da sola faranti biyu da batir ɗaya. Da damina ina noma, da rani ina ɗan taɓa lambu. Bana Allah ya ba ni riɗi, na sayar, na haɗa da kuɗin tumaki biyu da na kai Maigatari ranar wata Alhamis, yanzu akwai naira 410,000 a hannuna. Gumina ne Gwaggo, babu sisin kowa a ciki.

Abin da nake so shi ne in sayi PS4, wato na'urar buga gem a talabijin, ta hannu, da talabijin mai inci 32 in sa a shagon, samari su riƙa buga ƙwallo suna biya. Ba daga sama na ɗauko maganar ba. Duk ranar da na shiga Gumel sai na leƙa wani gidan gem, in tarar da shi cike, wasu a zaune wasu a tsaye suna jiran layi, kowane wasa naira 200, kuma minti goma ne an tashi. Na zauna da biro da takarda na lissafa, na ga kafin wata shida kuɗina sun dawo. A garinmu kaf babu mai ita. Samarinmu har kuɗin mashin suke biya su je wani gari su buga.

To Gwaggo, na yi kuskure na faɗa wa Yayana, don shi ne babba tun da Baba ya rasu. A gida bai ce komai ba, sai ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a majalisa gindin darbejiya, gaban abokaina da ƙannen abokaina, ya ɗaga murya ya ce wai ku zo ku ga mutum gemu ya fito masa amma kayan wasan yara zai saya da kuɗin riɗi. Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar duk inda na gifta sai in ji ana cewa ga mai gemu da gem. Har yarinyar da nake nema labari ya kai mata, da na je zance sai ta tambaye ni wai da gaske ne. Gwaggo, kin san yadda na ji?

Shi cewa yake in sayi ɗan maraƙi in ɗaure, ko in fara tara kayan lefe. To maraƙin ai shi ma ci yake, dusa da harawa ba kyauta ake ba da su ba, kuma ya taɓa ɗaure nasa ya mutu masa, ban tara masa mutane na yi masa dariya ba. Ni na taya shi haƙa rami ma. Amma ni da kuɗina, da gumina, sai a tsaya a bainar jama'a a mayar da ni yaro. Da ya kira ni zaure ya ce ƙanena abin nan bai kwanta min ba, wallahi da na saurare shi. Amma a majalisa? Gaban yaran da nake aika su sayo min ruwa?

Kuma ba wai ban yi tunani ba. Wuta ina da sola. Wuri ina da shi. Maganar wanda zai zauna kuwa ba matsala ba ce, Auta yana nan, shi ba ya komai sai makaranta, da safe idan na tafi lambu shi zai riƙa buɗewa, ya ma fi ni iya abin. Inna ce dai ta yi shiru, da na tambaye ta sai ta ce in bi maganar Yayana a zauna lafiya. Kullum a zauna lafiya, kullum ni ne mai haƙuri.

Wani abokina da ke Kano kuma ya ƙara rikita ni, ya ce PS4 ta tsufa, in ƙara kuɗi in sayi PS5 kawai. Yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Idan na fasa, za a ce Yaya ya yi gaskiya, yaro ne dama. Idan na saya kuma abin bai tafi ba, ban san inda zan ɓoye fuskata a garin nan ba. Gwaggo, don Allah ki faɗa min tsakani da Allah, abin nan ya cancanci kuɗina ko bai cancanta ba? Kuma daidai ne abin da Yaya ya yi min?

Ɗanki, daga ƙasar Gumel, Jigawa.

AMSAR GWAGGO

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ka noma. Ba zan shiga tsakaninka da Yayanka in ce wane ne mai gaskiya ba, don bakinka kaɗai na ji. Amma yarfa ƙani a majalisa ba hali ne na babba ba, wannan kam bai kyauta ba. Gyara a zaure ake yin sa.

Kuma PS ba kayan wasan yara kaɗai ba ne, akwai magidanta a Kano da Dutse da ke ciyar da iyali da gidan gem. Sai dai lissafinka na wata shida lissafin shiga ne, ban ga na fita ba. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da PS4 a 2013, PS5 kuma a ƙarshen 2020, a kan dala 499 mai cin faifai, dala 399 wadda ba ta ci. Da kuɗin da ke hannunka, ga talabijin, ga benci, ka cire maganar PS5 daga ranka, balle wadda ba ta cin faifai, wadda kowane wasa sai an sauko da shi ta intanet, gigabait masu yawa, a ƙauyen da wani lokaci sai an fita bayan gari ake samun sabis. PS4 ɗin da za a miƙo maka kuwa tana iya kai shekara goma a hannun mutane. Ba abin da take tsoro kamar zafi da ƙura, kai kuma za ka ajiye ta a shagon kwano, ta sha ƙurar hunturu sannan ta shiga zafin bazarar Gumel. Fankar cikinta ta toshe, ta fara ƙara kamar injin niƙa, ta riƙa kashe kanta ana tsakiyar wasa, kuma mai gyara yana birni. Hannayen da ake bugawa da su sun fi komai saurin mutuwa a gidan haya, sandar hagu ta saki, ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai, ga jabu sun cika kasuwa. Wasan ƙwallon ma duk shekara sabo ake fitarwa, wanda aka sani da FIFA ya koma FC tun 2023, kuma samari ba sa son buga tsohon da 'yan wasansa suka riga suka canza kulob.

Wutar da ka ce kana da ita, ta cajin waya ce. PS4 da talabijin tare suna iya jan wat 150 ko fiye, kuma kasuwar gem ta dare ce, lokacin da rana ta faɗi batir ɗaya ke ɗauke da komai. Ko dai ka ƙara batir da inbata mai ƙarfi, ko ka koma janareta, ka kuma san yadda man fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Allo ɗaya, wasa shida a awa in babu ko minti ɗaya na hutu, naira 1,200 ke nan. Gidan da ka gani a Gumel na tabbata ba allo ɗaya ne da shi ba, kuma mutumin gari yana da ɗan canji a aljihu duk wata, na ƙauye sai da kaka. Sauran watanni bashi za a riƙa buga maka, kuma masu cin bashin abokanka ne.

Duk wannan mai sauƙi ne, kuɗi ne, in sun tafi wata daminar tana zuwa. Abin da ya sa na ajiye wasiƙarka na sake ɗauka shi ne layi ɗaya da ka wuce da gudu. Ka ce Auta ba ya komai sai makaranta.

Ɗana, makarantar ita ce komai ɗin. Ka cika min takarda da zafin dariyar da aka yi maka gindin darbejiya, amma ka cire ƙaninka daga aji da rabin layi ko ɗar ba ka ji ba. Da safe za ka tafi lambu, shi ya buɗe shago. Da safen nan ba lokacin aji ba ne? Kuma wa zai zo buga ƙwallo da ƙarfe goma na safe a ƙauye? Magidanta suna gona, samari suna wajen nema. Waɗanda za su zo su ne abokan Auta, da rigar makaranta a cusa cikin jaka, da kuɗin tara da aka ba su, wani ma da kuɗin cefanen da uwarsa ta aike shi. Ribar safiyar da ka rubuta da bironka daga aljihun waɗannan za ta fito. Ka ce ya fi ka iya abin. A ina ya koya, yaushe, da kuɗin wa? Ka tambayi kanka wannan kafin ka tambaye ni farashin PS.

Yaron nan maraya ne. Kai da Yayanka ku ne ubansa yanzu. Ina kyautata zaton abin da Yayanka ya hango ke nan ya rasa yadda zai faɗa sai ta hanyar gatse, kuma shirun Inna ma ba na rashin magana ba ne. Uwa ba ta son ta kashe wa ɗa gwiwa a kan nemansa, amma ta san wanda za a ɗora wa tsaron shagon.

Bari in juyo gare ku masu karatu, don wasiƙu irin wannan suna yawa, in ba gidan gem ba to teburin mai shayi ko wajen faci. Mun mayar da yaron da ke zuwa makaranta mara aikin yi, kowa ya buɗe sana'a sai ya waiwaya ya ce ai wane yana nan. Yau Litinin ɗaya ce, gobe ranar kasuwa ce, jibi malami ya daina kiran sunansa. Sai ya kai shekara 20 bai iya karanta saƙon da aka turo masa a waya ba, mu ce boko ba ta karɓe shi ba. Ku kuma masu gidajen gem, ba na cewa sana'arku haram ce, amma duk wanda ya karɓi kuɗin yaro mai rigar makaranta da hantsi ya san abin da ya karɓa. Haka tsarin nan na wanda aka ci shi zai biya, malamai da yawa suna ganin ƙofar caca ce, daga nan ake fara ɗora 500 a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya kamuwa da jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Ba kowane mai bugawa ne ke kaiwa can ba, amma yaro ɗan shekara 12 da aka bar shi da makulli da allo daga safe zuwa azahar, an shimfiɗa masa hanya.

Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah. A yadda ka tsara abin nan, bai cancanci kuɗinka ba, kada ka saya bana. Ka ƙara batir da faranti, shagon cajinka ya ƙara ƙarfi, abin da ya rage ka ɗaure ko da rago ne kafin babbar sallah. Idan baɗi har yanzu ranka yana kai, ka tafi Kano da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka sa a kunna maka ita a buga awa guda cur a gabanka, ka sa hannu ka ji zafinta, ka saurari fankar. In an ce maka buɗaɗɗiya ce an loda mata wasanni, ka sani ranar da wani ya haɗa ta da intanet ta sabunta kanta, wasannin sun rufe. Sannan shago ba ya buɗewa sai bayan la'asar, a rufe lokacin salla, kuma kai ne a kan kujerar, ba Auta ba.

Maganar mai gemu da gem kuwa, kafin a share gonaki an manta da ita, majalisa ba ta rasa sabon zance. Ka sami Yayanka shi kaɗai bayan isha'i, ka gaishe shi, ka ce masa abin da ya yi ya yi maka ciwo, sannan ka tambaye shi dalilinsa ka yi shiru ka ji. Yarinyar kuma ka gaya mata gaskiya, shawara ce ka yi kuma kana kan yi.

Ka sake rubuto min. Ka riga ka faɗa min shekarunka da kuɗinka har da incin talabijin, amma ban ga shekarun Auta ba, ban ga ajin da yake ba. Su nake jira.